Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Tsohuwar Kwamfutar Sashenmu Ta Zama Ɗakin Karatu

Duk wanda ke nazarin Hausa a kudancin ƙasar nan ya san irin wahalar da ake sha wajen neman littafi. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato, idan malami ya ambaci wani littafi da safe, kafin la'asar ya leƙa laburare ko shagon littattafai ya samo shi. Mu kuwa sai mun yi saƙo ta hannun direban babbar mota ko wani mai kawo albasa daga Arewa, mu zauna jira mako biyu, wani lokaci ma a dawo mana da kuɗinmu a ce ba a samu ba. Wannan ne ya sa nake ganin labarin da zan bayar zai amfani 'yan'uwana ɗalibai, musamman na baya da za su tarar da abin da muka tarar.

Ni ba da Hausa aka haife ni ba. A gidanmu Yarabanci ake yi, Hausar kuwa a bakin maƙwabta na tsince ta, a unguwar Sabo inda mahaifiyata ke sayen kayan miya. Hausa ce ta ciniki da gaisuwa, wadda ta ishe ni in sayi nama ba a cuce ni ba, amma ba ta isa in rubuta kundin digiri da ita ba. Abokan karatuna Hausawa idan wata tsohuwar kalma ta shige musu duhu sai su kira kakarsu a waya, ta warware musu. Ni ba ni da kakar da zan kira. Ƙamus shi ne kakata, tsofaffin littattafai su ne dattawan gidanmu. Saboda haka rashin littafi ya fi yi mini ciwo fiye da yadda yake yi musu.

Da muka shiga ajin ƙarshe, na zaɓi in yi nazari a kan yadda Turawan farko suka rubuta Hausa da boko, in kwatanta da ƙa'idojin rubutu na yau. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da littattafan su kansu. Akwai Magana Hausa na J. F. Schön wanda ya fito a 1885, inda aka rubuta labarin Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Akwai ƙamusun C. H. Robinson da aka buga a Kambirij a 1899 da 1900. Akwai tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga kashi uku tsakanin 1911 da 1913, da kuma na R. S. Rattray na 1913 wanda ke ɗauke da ajami da boko gefe da gefe. Ko ɗaya daga cikinsu babu a kan kantarmu. Amma da yake sun tsufa, haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma an ɗauki hoton shafukan irin waɗannan littattafai an zuba a rumbun nan na Internet Archive, wanda aka kafa a Amurka a 1996. Duk mai data yana iya sauke su kyauta, galibi a tsarin PDF, wasu kuma har da tsarin DjVu.

Wani zai ce ai kowa na da waya, me ya hana a karanta a kanta? Na gwada. Shafin littafin da aka buga fiye da shekara 100 da suka wuce, takardarsa ta yi ja, haruffansa ƙanana, ga ɗige-ɗige da alamomi a ƙasa da saman haruffa waɗanda su ne ainihin abin da nake nema. A fuskar waya sai na ja shafin ya girma in ga ɗigon, da ya girma kuma sai jimlar ta ɓace. Kafin in gama shafi goma ido ya yi ruwa, caji ya ƙare. Buga shafuka ɗari huɗu a shagon fotokwafi kuwa ya fi ƙarfin aljihuna. A cikin ajinmu mutum biyu ne kawai ke da kwamfutar tafi-da-gidanka, su ma nasu aikin ya sha musu kai.

To, a kusurwar ɗakin ƙungiyar ɗalibai akwai wata kwamfutar tebur da aka lulluɓe da tsohon labule. An ce wani tsohon ɗalibi ne ya ba da ita kyauta shekarun baya. Injinta Pentium 4 ne, ƙwaƙwalwar aikinta megabait 512, rumbun ajiyarta gigabait 40, kuma Windows XP ce a kanta. Ba a taɓa haɗa ta da intanet ba. Da muka share ƙura muka kunna ta, sai ta tashi lafiya lau, illa dai agogonta da ke komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe ta. Maganin wannan ƙaramin batir ne mai kama da kwabo, CR2032, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa. Muka canza shi, agogo ya daidaita. Amma da muka zuba mata littafin Schön muka danna, sai ta tambaye mu da me za ta buɗe shi. Windows XP ba ta zuwa da manhajar karanta PDF, kuma tsohuwar Internet Explorer da ke kanta ba ta iya buɗe shi da kanta kamar yadda Chrome ko Firefox na yau ke yi.

Ya kamata in ɗan tsaya in bayyana dalilin da ya sa PDF ke da muhimmanci ga mai nazarin Hausa musamman. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin a 1993, daga wani tunani na John Warnock, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Manufar ita ce takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, yadda mai ita ya tsara ta. Da farko sayar da manhajar karantawar ake yi, daga 1994 aka mayar da ita kyauta, a 2008 kuma tsarin ya zama ma'aunin duniya wanda kowa ke da damar ƙera masa manhaja. Abin da ya shafe mu shi ne PDF na iya ɗaukar haruffansa a cikinsa ya tafi da su duk inda ya je. Wanda ya taɓa buga aikinsa a wata kwamfuta ya kai wata don a fitar masa a takarda ya san abin da nake nufi. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sai su rikiɗe su koma akwatuna ko alamar tambaya, saboda kwamfuta ta biyu ba ta da irin haruffan da aka yi bugun da su. Alhali a Hausa ƙugiya ba ado ba ce. Ita ce ke raba kafa da ƙafa, bata da ɓata, daidai da ɗaiɗai. Idan an yi PDF yadda ya kamata, ƙugiyar ba ta faɗuwa a hanya.

Saura samo manhajar. Wani ɗan ajinmu ya kawo wata sananniya a filashi, wadda aka saukar masa a shagon intanet. Muka danna, ta buɗe, ta yi ta juyawa, daga nan ta ce ba ta samu hanyar sadarwa ba. A nan muka fahimci wani abu da kowa ya kamata ya sani. Da yawa daga cikin abin da ake saukewa yau da sunan manhaja ba manhajar ba ce, ɗan aike ne kawai. Ƙaramin fayil ne wanda aikinsa shi ne ya je intanet ya ɗauko ainihin kayan. A kwamfutar da ba ta da intanet, ɗan aiken ba shi da inda za shi. Ana gane shi ta girmansa: idan babbar manhaja ce amma fayil ɗin bai fi megabait ɗaya ko biyu ba, to ɗan aike ne. Abin da ake buƙata shi ne cikakken fayil ɗin girkawa, wanda komai ke cikinsa.

Washegari aka kawo cikakken. Wannan karon kwamfutar cewa ta yi ba ta san irin wannan fayil ba. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, an yi shi ne don injin bit 64, tamu kuwa bit 32 ce. Na biyu, an yi shi ne don sababbin Windows. Ita XP ta fito ne a 2001, kuma Microsoft ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. Daga lokacin masu ƙera manhaja suka yi ta janye hannu ɗaya bayan ɗaya. Alal misali, Adobe Reader XI da ya fito a 2012 shi ne na ƙarshe a jerinsa da ke aiki a kan XP, shi ma sai mai Service Pack 3, kuma an daina sabunta shi a 2017. Don haka wanda ke da tsohuwar na'ura, tambayar da zai yi wa kansa ita ce: wace fitowa ce ta ƙarshe da ta yarda da irin na'urata? Kafin ya fita nema kuma ya kamata ya danna linzami na dama a kan My Computer, ya shiga Properties, ya rubuta abin da ya gani a takarda: wace Windows ce, wane Service Pack, ƙwaƙwalwa nawa. Da wannan takarda zai je shagon intanet, kamar yadda ake kai wa tela awo kafin ya yanka yadi.

Da wannan awo muka gano SumatraPDF. Wani mai ƙera manhaja ɗan asalin ƙasar Poland, Krzysztof Kowalczyk, ya fara ta a 2006, kyauta ce kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta. Fitowarta mai lamba 3.1.2 ta shekarar 2016 ita ce ta ƙarshe da ke tafiya a kan XP. Girmanta bai kai megabait 10 ba. Tana buɗe PDF da DjVu da EPUB, wato duk nau'o'in da littattafanmu suka zo a ciki. Sannan tana da wani samfuri da ba ya buƙatar girkawa ko kaɗan: fayil ɗaya ne, a ajiye shi a ko'ina a danna, ya fara aiki. Ba ta da tarin kayan ƙawa, ba ta neman a buɗe asusu, ba ta tambayar intanet. Ga na'ura mai ƙwaƙwalwa megabait 512, wannan shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

Samun manhaja daban, kai ta gida lafiya daban. Filashi shi ne gadar da ke tsakanin kwamfutarmu da duniya, kuma ta wannan gada ce cuta ke shigowa. Kowa a makarantar nan ya san bairos ɗin da ke ɓoye fayilolin mutum ya bar masa inuwarsu. Windows XP tana da ɗabi'ar bin umarnin wani ɗan fayil mai suna autorun.inf idan ta tarar da shi a filashi, kuma ta wannan ƙofa ce cututtuka irin su Conficker, wanda ya ɓulla a 2008, suka riƙa yaɗuwa. Microsoft ya tura gyaran da ke toshe ƙofar ga kowa a 2011, amma ta intanet aka tura, tamu kuwa ba ta taɓa jin labari ba. Saboda haka muka sayi sabon filashi na gigabait 8 da kuɗin ƙungiya, muka keɓe shi don wannan aiki kawai. Duk abin da za a zuba a cikinsa sai an fara bincika shi a sabuwar kwamfuta mai rigakafi na zamani. Wajen soka shi kuma a riƙe madannin Shift har ya gama shiga, don kada wani abu ya tashi da kansa. Wani abin lura shi ne manyan filashi na yanzu, daga gigabait 64 zuwa sama, galibi suna zuwa ne a tsarin exFAT, wanda XP ba ta ganewa sai an ƙara mata wani gyara. Ƙaramin filashi mai tsarin FAT32 ya fi sauƙi.

Girkawar ita kanta ba ta kai minti biyu ba. Bayan kwana huɗu na kai-komo, abin har ya ba mu dariya. Muka sa kwamfutar ta riƙa buɗe kowane PDF da wannan manhaja, muka danna littafin Schön, sai ga shafin farko ya cika allo mai inci 17. A karon farko na ga alamomin da ke kan wasula sarai ba tare da na matse ido ba. Na zauna har aka zo rufe ɗakin ina kwafe kalmomi a littafina na rubutu, ina jera yadda Schön ya rubuta su a hagu, yadda Robinson ya rubuta a tsakiya, yadda muke rubutawa yau a dama. Babi na uku na kundina a kan wannan kujera aka haife shi.

Ban ce komai ya tafi sumul ba. Littafin da aka ɗauki hotonsa hoto ne, ba rubutu ba. Wasu fayilolin suna da ɓoyayyen rubutu a bayan hoton, wanda na'ura ta karanto da kanta, amma na'urar da aka horar da Turanci ba ta san Hausar 1885 ba, don haka idan ka nemi kalma sau da yawa ba za ta fito ba ko da tana shafin. Haka nan wasu takardun da aka buga da tsofaffin haruffan Hausa na kafin Unicode ya yaɗu: a ido za ka ga ƙ, amma a ciki wata alama ce dabam aka ara aka sa mata rigar ƙ, don haka nema ba ya kama ta. Maganin da muka samu na gargajiya ne. Kowa ya karanta littafi sai ya rubuta lambobin shafukan da ya ga abin amfani a wani babban littafi da muka ajiye kusa da kwamfutar, na bayansa ya ɗora. Sannan manyan fayiloli sukan ɗan yi nauyi wajen juya shafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Da labari ya bazu, sai wasu suka kawo shawarar a sayo modem a haɗa kwamfutar da intanet, a huta da jigilar filashi. Muka kai maganar gaban malamin da ke kula da ƙungiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ganina a bar ta yadda take. Rashin intanet ɗin nan shi ne katangarta." Ya ce, "To, kawo hujjarka mu ji." Na tuna masa abin da ya faru a watan Mayu na 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle dubban kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har da na asibitocin Ingila, abin da ya sa Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga XP duk da ya riga ya sallame ta. Na'urar da ba a yi mata rigakafi tun 2014, da manhajar da aka tsaya sabuntawa a 2016, idan aka buɗe musu ƙofa ba za su iya kare kansu ba. A rufe kuwa, ko wani mugun fayil ya kutso, ba shi da hanyar fitar da komai waje ta intanet. Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka yi gaskiya. A bar kaza cikin gashinta." Haka aka bar ta.

Yanzu kwamfutar tana da jakunkuna huɗu a fuskarta: Harshe, Adabi, Al'ada, da Takardun Malamai. Mun yi wa kanmu doka cewa ba a zuba komai sai tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, da maƙalun da masu su suka sake kyauta, da abin da malamanmu suka ba mu da hannunsu. Littattafai irin su nahawun Galadanci na 1976, ko babban nahawun Paul Newman na 2000, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, waɗannan saya ake yi, kuma muna tara kuɗi don su. Wanda ke fatan wata rana shi ma ya rubuta littafi bai kamata ya fara da satar na wani ba. Mun kuma kwafe manhajar da dukan littattafan a faifan CD biyu, ɗaya a ofishin sashe, ɗaya a wurin sakataren ƙungiya, domin rumbun da ya haura shekara 15 yana aiki ba a ba shi amana gaba ɗaya. A bango mun manna takarda mai ɗauke da matakan girkawa da Hausa, don duk wanda ya gaje mu.

Abin da wannan aiki ya nuna mini shi ne yawancin manhajojin yau an gina su ne da zaton kowa na da intanet dare da rana da sabuwar na'ura duk bayan 'yan shekaru. Ɗalibin da ba shi da waɗannan sai ya ɗauka ƙofar ilmi ta rufe masa, alhali abin da ke tsakaninsa da littattafai ɗari bai wuce fayil ɗaya ƙarami ba, in ya san wanda zai nema. Kwamfutar nan ba za ta iya kallon bidiyon zamani ba, ba za ta iya shiga dandalin sada zumunta ba, kuma wannan ma alheri ne, don wanda ya zauna gabanta karatu kawai zai yi. Nuna shafi a kan allo kuwa aiki ne da ta iya tun ranar da aka ƙera ta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana na aji ɗaya zuwa aji uku da su riƙe wannan amana. A kiyaye dokar filashi ɗaya, a riƙa share ƙura, a kashe ta yadda ya dace kafin a fita, kuma duk wanda ya samu sabon abin karatu na halal ya kawo a ƙara. Ina kuma kira ga takwarorinmu masu nazarin Yarabanci da Ibo da Larabci, da ma ɗaliban Hausa na sauran makarantun kudu, su leƙa ɗakunan ajiyarsu. Da wuya a rasa irin wannan na'ura a ƙarƙashin wani tebur ana jiran ranar zubar da ita. Kafin a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, a kunna ta tukuna, a rubuta awonta a takarda, a nemo mata manhaja daidai ƙarfinta. Allah ya ba mu ilmi mai amfani.